'Yan Matan Madina da 'Yan Matan Zango

 Tun watan jiya a ke ta kai da kawowa a kan 'yan kuɗin da suka taru cikin asusun ƙungiyarmu da sunan tarbiyyar yara, har yau kuwa baki bai zo ɗaya ba. Waɗansu sun ce a ba masu shirin nan da ke shiga makarantu suna kafa wa 'yan mata ƙungiya, a riƙa tara su bayan an tashi, ana yi musu lacca da wasan kwaikwayo, ana koya musu riƙon kai, domin a tsare su daga ɗaukar ciki tun ba su isa ba. Waɗansu sun ce a'a, a sayi akwati da katifa da takalmi, a ba da kuɗin mota ga yarinyar da ta ci jarrabawa amma gidansu babu hali. Akwai kuma dattawa biyu uku da suka ce duk wannan wahalar banza ce, boko ne ya kawo ɓarnar, yarinya in ta tasa a yi mata aure kowa ya huta. An nemi mu faɗi namu ra'ayi a wannan shafi. To, ga shi, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri.

Da farko dai kada wani ya ce maganar ƙarama ce. Hukumar Lafiya ta Gana ta ƙirga cikin da aka rubuta a asibitoci na yara mata masu shekara 10 zuwa 19, daga 2016 zuwa 2020, ta sami 555,575. A shekarar 2020 kaɗai 109,888 ne. Fiye da 13,000 daga cikin na shekaru biyar ɗin nan kuwa yara ne da ba su kai 15 ba. Wannan lissafi na ƙasa duka ne, amma mu ba sai an kawo mana takarda ba, ko wace unguwa ta san gidan da abin ya faɗa wa. Ungozoma ta sani, limamin da aka kira raɗin suna a ɓoye da duku-duku ya sani. Likitoci kuma sun daɗe suna faɗa, yarinya ƙarama ta fi babbar mace shiga haɗarin jijjiga da doguwar naƙuda, wadda ta kan bar ta da yoyon fitsari. Jikin yarinya kuwa bai san an ɗaura aure ko ba a ɗaura ba.

Bari mu fara da iyayenmu dattawa da suka ce boko ne. Ba za mu kai su ƙasar Turawa ba. Madina za mu kai su, garin da ko wannenmu ya ke tara kuɗi shekara da shekaru don ya je ziyara, garin Imamu Malik wanda mu ke bin mazhabarsa, garin da malamanmu da yawa suka yi karatu a jami'arsa tun da aka buɗe ta a 1961, garin da aka ari sunansa aka raɗa wa Madinarmu ta Akra a 1959. Duk wanda ya je Umra lokacin da makarantu ke buɗe, in ya fito daga Harami bayan asuba ya ɗan zaga unguwanni, zai ga motoci cike da 'yan mata, manya da ƙanana, ana kai su makaranta. A cikinsu har da jikokin 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani da Barebari waɗanda suka bi ta Sudan a ƙasa suka je suka zauna.

Ba haka abin ya ke ba tun asali. Kafin 1960 gwamnatin Sa'udiyya ba ta da tsarin makarantun mata. Abin da a ke da shi a Madina da Makka da Jidda irin namu ne na allo, wata malama ta tara yara a gidanta tana koya musu Alƙur'ani da ɗan rubutu, sai kuma 'yan makarantu kaɗan na masu zaman kansu, kamar Darul Hanan da Iffat matar Faisal ta buɗe a Jidda a tsakiyar shekarun 1950. A 1959 Sarki Sa'ud ya yi shela cewa za a buɗe wa mata makarantu. A 1960 aka kafa hukuma ta musamman, aka sa ta a ƙarƙashin babban Mufti, Shaihu Muhammadu ɗan Ibrahim, aka fara da makarantun firamare 15 a ƙasar duka. Kada ku zaci an karɓi abin da guɗa. Maganganun da mu ke ji yau a bakin masallaci, irinsu aka yi a can, watau za a lalata mana 'ya'ya, za su raina mazansu, wa zai aure su. A Buraida, cikin ƙasar Ƙasim, sai da aka kai sojoji a 1963 suka tsare ƙofar makaranta.

Abin lura shi ne yadda aka bi da tsoron iyaye. Da farko ba a tilasta wa kowa ba. An ware makarantun mata dabam, mata ke koyarwa, da ya ke babu su a gida aka ɗauko su daga Masar da Sham da sauran ƙasashen Larabawa. An ajiye dattijo a bakin ƙofa, an sa malaman addini su zama masu duba al'amarin, kuma uba ba ya biyan ko kwabo. Watau an tambayi uba me ya ke tsoro, aka toshe masa wannan kafa, sa'an nan aka bar shi ya zuba ido ga maƙwabcinsa wanda 'yarsa ta fara karanta masa wasiƙa. Ba sabon abu aka kawo wa garin ba kuwa. A nan ne mata suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ware musu ranar karatu tasu ta kansu, ya ware. A nan ne Shifa'u 'yar Abdullahi ta koya wa Nana Hafsatu rubutu.

An kiyasta cewa a 1970 mata biyu ne kawai cikin 100 suka iya karatu a ƙasar. Yau da ƙyar za ka sami budurwa 'yar ƙasa da ba ta iya ba, kuma Jami'ar Ɗaiba da aka kafa a Madina a 2003 cike ta ke da mata. A shekarun 1970, cikin ko waɗanne 'yan mata 1,000 masu shekara 15 zuwa 19, fiye da 100 ke haihuwa ko wace shekara, bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Yanzu ba su kai 15 ba. Doka kuwa daga baya ta biyo sawu. Sai a ƙarshen 2019 ministan shari'a ya ba da umurni kada a ɗaura auren wanda bai kai 18 ba sai an kai maganar gaban alƙali, a 2022 aka shigar da wannan cikin dokar iyali. Kafin dokar ta iso, mutane sun riga sun sake hali. Ba mu ce kome nasu daidai ne ba. A 2002 gobara ta tashi a wata makarantar mata a Makka, yara 15 suka rasu, abin da ya sa aka rushe hukumar nan aka mai da makarantun mata ƙarƙashin ma'aikatar ilmi.

To, amma mu 'yan kasuwa ne, kada mu cuci kanmu a awo. Cikin waɗannan shekaru ba makaranta kaɗai ta shigo Madina ba. Kuɗin mai ya shigo, asibiti ya shigo, mutanen ƙauye sun komo birni, sadaki da kuɗin gida sun yi tsada har samari suka daina saurin aure. Wanda ya ce makaranta kaɗai ta yi aikin ya yi kama da mutumin da ya sha magani iri huɗu rana ɗaya ya warke, ya tashi yana rantsuwa da na ukun. Madina ta isa ta amsa wa mai cewa karatun mata da Musulunci ba sa zama gida ɗaya. Amma inda za mu sa 'yan kuɗinmu, ko lacca ko katifa, wannan sai an auna.

Hanyar awon mai sauƙi ce, tsohuwa ce kuma a wurinmu, watau ƙuri'a. Da ƙuri'a aka raba gardamar wanda zai yi renon Nana Maryamu, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana, kuma da ƙuri'a Annabi ya kan zaɓi wadda zai tafi da ita cikin matansa in tafiya ta taso. Masu bincike su ma haka su ke yi. Sai su ɗauki yara masu yawa waɗanda halinsu ɗaya, ƙuri'a ta raba su biyu, a ba kashi ɗaya abin da a ke son gwadawa, ɗayan kashin a bar shi yadda ya ke, bayan shekaru a dawo a ƙirga. Dalili kuwa shi ne, in hedimasta ne ya zaɓa, zai zaɓi masu ƙoƙari. In kuma an ce mai so ta zo, to, yarinyar da za ta kawo kanta ƙungiyar riƙon kai ita ce wadda dama ta ke da riƙon kan. Sai mai shiri ya ƙirga ya ce, kun gani, 'yan ƙungiyarmu ba wadda ta yi ciki. Gaskiya ya faɗa, amma ba mu san ko aikinsa ne ko aikin uwarta ba.

Ba sai mun yi nisa ba, a nan Gana aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen. A 2008, tun ana biyan kuɗin sakandare, waɗansu masana uku, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, suka nemo yara 2,064, maza da mata, waɗanda suka ci jarrabawar BECE aka ba su gurbi amma ba su tafi ba, yawanci don rashin kuɗi. Aka yi ƙuri'a, 682 suka sami biyan kuɗin makaranta har su gama. Ba a yi musu lacca ba, ba a kafa musu ƙungiya ba. Sa'an nan aka yi ta bin sawunsu, su da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa wa ba, fiye da shekara goma. Matan da aka biya wa sun fi kammala sakandare da nisa, sun jinkirta haihuwa, kuma cikin da ba a shirya masa ba ya ragu a cikinsu. Da aka koma ga 'ya'yan da suka haifa daga baya, sai aka tarar mutuwar yara ƙanana ta ragu da kusan rabi a wurin waɗannan iyaye mata. Don kada mu yi muku tallan abin da babu, ba su zama attajirai ba, in an haɗa duka kuɗin da su ke samu bai tashi sosai ba, sai dai mata da dama sun sami aikin gwamnati. Biyu daga cikin masanan nan, Duflo da Kremer, sun sami kyautar Nobel a 2019 saboda irin wannan awo.

Su dai waɗannan mutane sun yi wani a yammacin Kenya tun 2003, a makarantun firamare 328. Waɗansu makarantu aka raba wa yara kayan makaranta kyauta, wanda kuɗinsa wajen dala 6 ne. Waɗansu aka horar da malamansu su koyar da darasin gwamnati na kame kai har aure da guje wa ciwon ƙanjamau. Waɗansu aka haɗa musu biyun, waɗansu aka bar su. Bayan shekara uku, inda aka ba da riga, ciki ya sauko daga kashi 16 cikin 100 zuwa 13. Inda aka yi darasi kaɗai bai motsa ba. Ku dubi wannan, jama'a, yadin da tela zai ɗinka cikin yini guda ya yi abin da darasin shekara bai yi ba. A Nijar ma, da aka gwada ba 'yan matan ƙauye tallafin zama a sakandare ta hanyar ƙuri'a, barin makaranta da auren wuri sun ragu da kusan rabi.

Wani zai ce, to, ko laccar ba ta yi amfani ba ai ba ta cutarwa. Wannan ma ba tabbas ba ne, ga labarin 'yar tsana. Akwai wata 'yar tsana da aka ƙera a Amurka mai kama da jariri, da na'ura a cikinta, tana kuka da tsakar dare, sai an ba ta abinci, an sake mata ƙyalle, an yi mata jijjiga kafin ta yi shiru. Sai a ba yarinya ta tafi da ita gida kwana biyu uku, wai in ta sha wahalar reno za ta ji tsoron ciki. Wa zai ji wannan dabara bai yaba ba? Makarantu a ƙasashe da yawa suka yi ta saye, iyaye na murna, yara kuma in an tambaye su sai su ce lalle sun ɗauki darasi. Sai waɗansu masana a yammacin Ostireliya suka ce bari a auna. Suka raba makarantu 57 da ƙuri'a, suka ɗauki 'yan mata masu shekara 13 zuwa 15, suka bi su har suka kai 20. Ba su tsaya ga abin da yaran suka faɗa da baki ba, littattafan asibiti suka duba. Da aka buga sakamakon a jaridar likitoci ta Lancet a 2016, waɗanda aka ba 'yar tsana kashi 8 cikin 100 sun haihu, waɗanda ba a ba su ba kashi 4. Garin neman gira an rasa ido. Da ba a auna ba, da har yau ana yabon 'yar tsana ana biyan kuɗinta.

Irin shirin da a ke so mu ba kuɗinmu ma an auna ɗan'uwansa. A Amurka akwai wanda a ke kira Teen Outreach Program, ana tara yara a makaranta ko wane mako ana tattauna zaman duniya, ana kuma fita da su aikin gayya a gari. Gwajin da aka buga a 1997 a kan yara 695 ya nuna ciki ya ragu, sunansa ya tashi. Daga 2010 gwamnatinsu ta ba da kuɗi aka yaɗa shi, aka sake gwadawa a kan dubban yara a wurare dabam dabam, sai aka tarar yawancin amfanin nan na farko bai dawo ba. Ɗan samfur da a ke nuna maka a bakin shago dabam, abin da ke cikin buhu dabam. A 2016 kuma masanan Cochrane suka tattara manyan gwaje-gwaje takwas na makarantu, yara fiye da 55,000, yawancin gwajin a Afirka, suka ce darasi shi kaɗai bai nuna ya rage ciki ba, amma abin da ke riƙe yarinya a makaranta yana iya ragewa.

Kada 'yan'uwanmu masu son ƙungiya su ce mun yi musu rashin adalci, akwai inda ƙungiya ta yi abin mamaki, kuma a ƙasar Hausa ne. A Zariya akwai Cibiyar Ilmin 'Ya'ya Mata, wadda ta samo asali daga haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Berkeley ta Amurka. Shirinta mai suna Pathways to Choice an gwada shi da ƙuri'a a garuruwa 18 na arewacin Nijeriya, a kan 'yan matan da ba sa zuwa makaranta. Bisa ga rahoton da aka fitar a 2023, bayan shekara biyu, in ka ɗauki yara 100 a nan da 100 a can, waɗanda aka aurar a garuruwan shirin sun kasa na sauran garuruwan da wajen 65. Amma ku dubi abin da ke cikin ƙunshin. An fara zama da masu gari da malamai da iyaye. Mace ce daga cikin jama'a ke zama da yaran, tana koya musu karatu da lissafi har su cim ma 'yan ajinsu. Sa'an nan a ɗauke wa iyaye nauyin kuɗin makaranta, wadda ba ta koma aji ba a kai ta koyon sana'a. Watau ƙungiyar ƙofa ce ta shiga aji. Wanda ya san tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu da jajinta da 'yan taru ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai dai garuruwa 18 ba yawa ba ne, kuma ƙauyen da kusan ba yarinyar da ke zuwa makaranta ba ɗaya ya ke da Nima ko zangon Kumasi ba.

Akwai lacca guda ɗaya da aka auna ta yi aiki, kuma za mu faɗe ta ko da ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba. A Kenya ɗin nan dai, Pascaline Dupas ta sa aka shiga waɗansu makarantu, zama ɗaya na minti 40, aka nuna wa 'yan mata da lissafi cewa manyan maza masu ba su kuɗi sun fi samari tsaransu ɗauke da ciwon ƙanjamau. Cikin shekara guda ɗaukar ciki ya ragu da kashi 28 cikin 100, kuma raguwar ta fi yawa a cikin da manyan maza ke yi. To, jama'a, yarinya ba ita kaɗai ta ke yin ciki ba. Mun yi wata guda muna gardama a kan yadda za a gyara 'yan mata, ba wanda ya ambaci mai shagon da ke saye tallan yarinya duka da magariba ya ce ta dawo karɓar kwano bayan isha, ko direban da ke rage mata hanya kullum ba ya karɓar kuɗi. Waɗansunsu a sahun gaba su ke salla. Muna roƙon limamanmu su ba wannan huɗuba guda cikakkiya, kada a bar ta a wutsiyar addu'a.

Mu komo ga iyayenmu dattawa. Mun san ba ƙin 'ya'yanku ku ke yi ba, abin kunya ku ke gudu, kuma duk mai 'ya mace ya san wannan rashin barci. Amma ku dubi inda yarinya ta ke yini in ba ta aji. Tana tasha da faranti a ka tun safe har dare, tana shiga lungun da ubanta bai taɓa takawa ba. Tsakanin wannan da zama gaban malama, wanne ya fi kusa da abin da ku ke tsoro? Dokar yara ta Gana ta 1998 kuma ta sa shekarun aure 18, wanda ya ɗaura ƙasa da haka ya jawo wa kansa da limamin da ya ɗaura magana da hukuma. In tsoronku cuɗanya da maza ne, ko malami namiji, ko nisan hanya, to, ku faɗa a fili a toshe, yadda aka toshe a Madina. Muna da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin sashen ilmin Musulunci na gwamnati tun 1987, akwai kuma sakandaren mata zalla. A 2019 da aka tashi shigo da darasin jima'i cikin makarantu, Musulmi da Kirista suka haɗa baki suka ƙi, gwamnati ta janye. Mun iya cewa a'a ranar nan. Saura mu nuna abin da muka ce i da shi.

Ra'ayinmu ke nan a kan asusu. Tun Satumba 2017 ba a biyan kuɗin sakandaren gwamnati, amma duk uwar da ta shirya yarinya ta san kyauta ba ta kai kyauta ba. Akwai akwati, da katifa, da bokiti, da garin kwaki da sukari, da audugar mata ko wane wata, da kuɗin mota zuwa garin da aka tura ta. Akwai kuma babbar asara wadda ba a rubuta ta a takardar makaranta, watau ribar tallan da gida zai rasa in ta tafi. A nan a ke zubar da yara, tsakanin fitowar sakamako da ranar komawa. Mu sa mafi yawan kuɗin a wannan rami. Kuma mu ɗauki alkawarin da za mu iya cikawa har yarinya ta gama, gwamma yara kaɗan shekara uku da yara da yawa zango ɗaya. A Zomba ta ƙasar Malawi an ba 'yan mata da iyayensu kuɗi a 2008 da 2009, ciki da aure suka ragu, amma da aka dawo shekara biyu bayan an daina bayarwa, sai aka tarar yawancin amfanin ya gushe.

Masu shirin ƙungiya kuwa ba mu ce a kore su ba. A kira su, a ba su tabarma da ruwa, a yi musu tambayar ɗan kasuwa. Da wa kuka gwada yaranku, kuma wa ya raba su? Me kuka ƙirga, amsar da yarinya ta rubuta a takarda ranar da aka raba riguna masu rubutu, ko yawan waɗanda har yanzu ke cikin aji? Yaushe kuka ƙirga, mako guda bayan biki ko shekara uku? In sun kawo hotuna da takardar yabo daga wani babban mutum, a gode musu, amma cinikin biri a sama ba namu ba ne. In kuwa sun yarda ƙungiyarsu ta zama mai dawo da yaran da suka fita, da koya musu abin da ya wuce su, a hannun mata daga cikinmu, to, a zauna a yi ciniki.

Mu ma kanmu sai mun yarda a auna mu. Kuɗin ba zai ishi duk masu bukata ba, saboda haka a tantance waɗanda suka cancanta, sa'an nan a yi ƙuri'a a gaban jama'a, kada a wayi gari 'ya'yan 'yan kwamiti da na surukansu ne suka cika takarda. Yaranmu ba su da yawan da za a ce an yi irin gwajin Kenya, amma littafi zai gaya mana ko waɗanda muka ɗauka suna aji bayan shekara ɗaya, da biyu, da uku, in sun fita kuma me ya fitar da su. Littafin ya zauna a hannun mata biyu amintattu. A taro adadi kawai za a karanta, ba suna ba, domin mutuncin 'yar Musulmi ba abin tallatawa ba ne, kuma kowa ya san hukuncin ƙazafi.

Sauran magana guda, wadda aka yi ta kewayewa a taron da ya wuce. Yarinyar da ta riga ta haihu fa? Tun 2018 hukumar ilmi ta Gana ta fitar da ƙa'ida cewa mai ciki tana iya ci gaba da karatu, kuma wadda ta haihu tana da damar komawa aji. Mu muna ganin a sa irin waɗannan yara cikin ƙuri'a daidai da kowa, a kuma nemi wata tsohuwa a gidan da za ta riƙe jariri da safe, a riƙa ba ta ɗan abin goro daga asusu. Mun san za a yi gardama a kan wannan, gara a yi ta a zaure da a yi ta a bayan ido.

Za a zauna ranar Lahadi bayan la'asar a makarantar allo ta bayan masallaci. An tanadi wuri dabam domin mata, kuma wannan karon da su za a ƙirga hannu. Duk wanda ya san yarinyar da ta ci jarrabawa ba ta tafi ba, ko wadda ta bar aji tun bara, ya gaya wa shugabar mata a keɓe kafin ranar Juma'a.